Tam: Ma'aunin Zafin Wuta da Cinikin Makamashi a Ƙasar Zamfara

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwar Tsafe ya san tiya biyu na iya cika daidai wa daida, amma idan an surfa aka bakace, ɗaya ta fi ɗaya auki. Ita tiya cika take aunawa, ba ta san ƙaiƙayi ba, ba ta san tsakuwa ba. Irin wannan matsala ce ta sa Turawan Ingila suka fito da wani ma'auni da suke rubuta sunansa therm, daga kalmar Girkanci mai ma'anar zafi. A bakin Bahaushe sai a ce tam.

Tushen tam wani ƙaramin ma'auni ne da ake kira BTU, watau yawan zafin da zai ɗaga ɗumin ruwa laba ɗaya da digiri ɗaya na ma'aunin Farenhait. Wannan zafi kaɗan ne ainun, bai wuce na tsinken ashana guda idan ya ƙone ƙurmus ba. Idan aka tara irinsa 100,000, an sami tam ɗaya ke nan. Da lissafin masu wutar lantarki, tam ɗaya ya kai yunit 29 da 'yan kai. Da lissafin mai girki kuwa, zai iya tafasa ruwa wajen lita 330, watau fiye da duro ɗaya da rabi, in da a ce zafin duka zai shiga cikin ruwan. Amma ba ya shiga duka, kuma za a dawo kan wannan.

Dalilin fito da shi ciniki ne. A da, gas ɗin da ake kai wa gidajen Ingila ta bututu daga kwal ake samar da shi, kuma mita tana ƙidaya yawan iskar da ta wuce ne kurum. To, kamfani na iya sirka gas ɗinsa da iska maras ƙarfi, mita ta yi ta juyawa, mai gida ya biya kuɗi cikakku, tukunya kuwa ta daɗe ba ta tafasa ba. A 1920 Majalisar Ingila ta yi dokar da ta sa kamfani ya bayyana yawan zafin da ke cikin gas ɗinsa, ya kuma karɓi kuɗi bisa yawan tam. Amfanin wannan ya ƙara fitowa fili tsakanin 1967 da 1977, lokacin da ƙasar ta bar gas na kwal ta koma ga wanda ake haƙowa a Tekun Arewa. Sabon ya ninka tsohon zafi kusan sau biyu, ko da yake a mita cikarsu ɗaya. A shekarun 1990 aka daina rubuta tam a takardar kuɗin gas ta gidajen Ingila, aka koma yunit irin na lantarki, amma manyan dillalai na can har yanzu da shi suke yanka farashi, kuma kamfanoni da dama a Amurka da shi suke cajin gidaje. A Nijeriya ana sayar wa masana'antu da tashoshin lantarki gas ne bisa BTU miliyan ɗaya, watau tam 10.

A Gusau dai babu gidan da gas ke shiga ta bututu. Babban bututun da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, mai tsawon kilomita 614, daga Ajakuta ya nufi Kaduna da Kano ne, bai biyo ta nan ba. Wanda ake cika tukunya da shi a gari wani iri ne dabam, wanda ake matsewa ya zama ruwa, a kuma sayar da shi a kilo. Wannan awo yana da adalci, domin zafin da ke cikin kilo ɗaya na irin wannan gas bai cika sauyawa ba. In akwai ha'inci, to a sikeli yake. Tukunya mai kilo 12.5 tana ɗauke da tam biyar da rabi zuwa shida.

Inda tsohuwar matsalar Ingila take raye ita ce wurin itace da gawayi, waɗanda su ne makamashin mafi yawan gidaje daga Tsafe har Bunguɗu. Itace a dami ake sayar da shi, ko a kashi, ko a kan amalanke. Gawayi kuma a buhu ko a leda. Dukansu awon ido ne. Busasshen itace wajen kilo 7 ne ke ba da tam ɗaya, gawayi kuwa kilo uku da rabi. Abin da zai ba mutum mamaki shi ne, idan itatuwa suka bushe sarai, zafin kilo ɗaya na wannan bai yi nisa da na wancan ba. Abin da ya sa mata suka fi son marke, maƙera suka fi son gawayin ƙirya, nauyi ne: damin marke ya fi damin sabara mai girmansa kilo da yawa, saboda haka ya fi shi tam. Ashe uwargida da ke ɗaga dami ta jinjina kafin ta taya, zafi take aunawa, ko da ba ta san sunan ma'aunin ba. Ɗanyen itace kuwa yana yaudarar hannu, don kusan rabin nauyinsa na iya zama ruwa, kuma sai wuta ta ɓata wani kaso na zafinta wajen ƙone wannan ruwan kafin ta waiwayi tukunya.

Sa'an nan ga batun murhu. A murhun duwatsu uku, daga kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na zafin itace ne ke shiga tukunya. Sauran iska ke kwashewa, ko ya bi hayaƙi ya tafi idon mai girki da ƙirjinta. A kan murhun gas wajen rabi ne ke shiga. Ke nan tukunya mai kilo 12.5 tana kai tam uku cikin abinci, kuma kafin murhun duwatsu ya yi wannan aikin sai ya ci busasshen itace tsakanin kilo 140 da 210. Da waɗannan alƙaluma biyu ya kamata a gwada farashi. Mai kwatanta kuɗin cika tukunya da kuɗin dami guda bai yi lissafi ba tukuna. Wannan ba ya nufin gas ne zai yi nasara kullum. Mutumin ƙauyen Kwatarkwashi da ke da karan gonarsa ba ya biyan kowa, talakan gari kuma yana iya sayen itacen yini ɗaya alhali ba ya da kuɗin tukunya da murhunta a dunƙule. Sai dai itacen da ake kawowa gari ya ƙara nisa, kuma shiga daji a wannan yanki ya zama kasada tun da 'yan bindiga suka yi kaka-gida a cikinsa, dukan biyun kuwa suna cikin farashin dami.

Wanda lissafin ya fi shafa shi ne ma'aikacin da aka ɗora wa sayen makamashi don makarantar kwana ko asibiti. Idan takardar kwangila ta ce itace mota kaza, ba ta faɗi nauyi ba, ba ta faɗi bushewa ba, to ɗan kwangila na iya cika motar da ɗanyen sabara a tsakiyar damina, kuma babu wanda zai ce ya saɓa alkawari. Gyaran bai wuce layi biyu a takardar ba, tare da sikeli a ƙofar sito: a karɓi itace a kilo, a kuma ƙi wanda bai bushe ba.