Me ya kashe mujallun hoto, kuma ina hotunan Kazaure suke ajiye yanzu?

A ranar hawan sallah a Kazaure, lokacin da dawakai suka taso zuwa ƙofar fada, hannuwan da ke ɗage da waya sun kusa fin na masu jinjina yawa. Kafin magariba hotunan sun gama zagaya WhatsApp da Facebook. Sararin sama ya yi shuɗin da bai yi ba a ranar, ƙurar da ta turnuƙe filin ta ɓace, fuskokin mahaya sun yi sumul. Amma idan aka nemi ɗaya daga cikin hotunan bayan shekara uku, amsar da aka fi samu ita ce waya ta lalace, ko an sace ta, ko wuri ya cika an goge.

Shekara 25 da suka wuce lamarin ba haka yake ba. Mai hoto yakan zo da kyamara mai cin fim guda mai ɗaukar hoto 36, don haka ba ya danna ta sai ya tabbatar kowa ya gyara tsayuwa. Hoto mai launi galibi sai an kai fim ɗin babban birni irin Kano an wanke, a dawo da shi bayan kwanaki. Wanda ya fito da kyau ya shiga albam ko firem, a rataye a ɗaki. Wanda ya fi kowanne sa'a, idan na basarake ne ko ɗan fim ko babban biki, yakan kai ga shafin mujalla.

Albam ɗin ya ja baya, mujallar ma haka. Mutane da yawa suna ɗora laifin a kan arhar manhajojin gyaran hoto. Akwai gaskiya a ciki, sai dai ba ita ce gaskiyar duka ba.

Yadda manhaja ta yi arha

Photoshop, wadda 'yan'uwa biyu Thomas da John Knoll suka ƙirƙira, ta fito kasuwa a 1990 a ƙarƙashin kamfanin Adobe na Amurka. Ta daɗe tana kayan ƙwararru. Fitowarta ta ƙarshe da ake saye a mallaka, CS6, kusan dala 700 ake sayar da ita. A 2013 kamfanin ya daina fitar da sabbin nau'o'in da ake saye a mallaka ya koma haya, inda ya yi wa masu ɗaukar hoto wani tsari na kusan dala 10 a wata. A gefe guda kuma akwai GIMP, wadda kyauta ce tun shekarun 1990. Google ya sayi kamfanin da ya yi Snapseed a 2012, ya sake ta kyauta a waya. Canva ta zo a 2013 da zane-zanen da aka riga aka tsara, mutum kawai ya sa hotonsa da sunansa. Daga baya manhajoji masu ƙirƙirarriyar basira irin Remini suka shigo, masu gyara fuska da dannawa ɗaya.

Rangwamen da kamfanonin nan ke yi a ƙarshen shekara bai shafi mai shago a Roni ko Gwiwa sosai ba. Wanda ba shi da katin banki mai biyan dala, kuma Naira ta faɗi daga kusan 460 a kan dala ɗaya a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, rabin farashi ma tsada ne a wurinsa. Arhar da ta iso nan ta biyo wata hanya ce. Tsofaffin kwafin Photoshop da CorelDraw da aka fasa wa makulli sun daɗe suna yawo a filasha, ana ɗora su a kan kwamfutar hannu ta gwanjo tun a kasuwa, kamar gyara a kan awo. Ba halal ba ne a dokar haƙƙin mallaka, kuma wani lokaci suna zuwa da cutar kwamfuta, amma da su aka zana fastocin siyasa da katunan biki da kalandun makarantu marasa adadi.

Kazaure tana da wani dalili nata na cika da masu wannan hannu. A garin ne Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu take, a nan ne kuma gwamnatin Saminu Turaki ta kafa cibiyar koyar da fasahar kwamfuta ta Jihar Jigawa. Babura ma ta samu jami'ar fasaha ta tarayya a 2021. Matashin da ya iya cire bayan hoto ya sa wani ba abin nema ba ne a yankin.

Abin da ya ci mujallu

A Amurka, mujallar Popular Photography ta fara fita a 1937, ta daina bugawa a 2017 bayan shekara 80. American Photo ta riga ta barin takarda, Shutterbug ta bi baya a 2018, Photo District News a farkon 2020. Abin da ya haɗa su shi ne tushen kuɗinsu. Ba kuɗin da mai karatu ke biya ne ke riƙe da su ba, tallan kamfanonin kyamara da fim da gilasan kyamara ne. Alƙaluman ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan sun nuna cewa an fitar da kyamarori kusan miliyan 121 a 2010, amma a 2020 ba su kai miliyan 9 ba. Wayar salula ta cinye kasuwar. Kodak, wanda injiniyansa Steven Sasson ne ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, ya nemi kariyar kotu saboda bashi a Janairun 2012. Da mai talla ya tsiyace, shafuka suka ragu.

Rawar da manhaja ta taka ita ce ta cire wa mai karatu dalilin saye. Da can mutum yakan sayi mujalla don ya koyi yadda ake sarrafa haske da inuwa, ya ga aikin gwanaye. Yanzu darasin yana YouTube kyauta, manhajar kuma tana yin rabin aikin da kanta.

A ƙasar Hausa, mujallun da suka rayu a kan hoto su ne na fim. Tauraruwa ta fara fita a Kano a 1998 a hannun Sunusi Shehu Daneji, kuma a shafinta ne sunan Kannywood ya fara bayyana a 1999. A watan Maris na 1999 Ibrahim Sheme ya kafa mujallar Fim. Mumtaz, Garkuwa, Bidiyo da Duniyar Fim duk sun yi zamaninsu. Labari yana ciki, amma hoton bango ne ke sayar da kwafi. A garuruwan da ke kan hanyar Kano zuwa Daura, kwafi ɗaya yakan bi hannu goma, a ƙarshe a yage shafin tsakiya a manna a shagon ɗinki ko na aski. Mafi yawansu sun daina fita. Fim ta jure, amma a intanet masu karatu suka fi samunta yanzu.

Dalilan nan gida sun fi na Amurka tsanani. Kamfanonin takarda na gwamnati a Jebba, Oku-Iboku da Iwopin sun durƙushe tun tuni, don haka takarda da tawada duk da dala ake shigo da su. Dillalai sukan riƙe kuɗin kwafi, abin da bai sayu ba ya dawo wa mawallafi. Sannan jarumin da a da yake jiran ɗan jarida ya zo ya ɗauke shi hoto ya buɗe shafinsa na Instagram, yana sakin hotunansa da kansa, a gyare, kullum, ba tare da kowa ya biya sisi ba. Mujallar wata-wata ba ta da abin da za ta nuna wanda ba a riga an gani ba.

Abin da ya tafi tare da takarda

Ba a ce mujallu ba sa taɓa hoto ba. A 1982 National Geographic ta matso da dalar Giza ta Masar kusa da 'yar'uwarta don su shiga bango, kuma an shekara da shekaru ana yi mata gori. Gorin shi ne abin lura. Akwai edita da za a tuhuma, akwai sunan mai hoto a gefe, akwai kwanan wata a bango. Har yanzu manyan kafofi suna riƙe da wannan ƙa'ida. A Maris na 2024 kamfanonin dillancin labarai na AP, Reuters da AFP sun janye wani hoton Gimbiya Catherine ta Ingila da 'ya'yanta, wanda fada da kanta ta fitar, saboda sun gano an taɓa shi.

Hoton da ya iso wayar manomi a Babura ba ya ɗauke da ko ɗaya daga cikin waɗannan. WhatsApp yana matse hoto ya rage masa inganci, ya kuma cire bayanan da kyamara ke binnewa a cikinsa, irin su rana da lokaci da nau'in na'ura. Bayan turawa biyu ko uku, ba mai iya cewa wa ya ɗauka, a ina, yaushe.

Najeriya ta ga abin da hakan ke haifarwa. A 2018 jita-jita ta bazu cewa marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya rasu, an kawo wani Jubril daga Sudan ya maye gurbinsa. Cikin hujjojin da aka riƙa yaɗawa har da hoton da ke nuna shi yana rubutu da hagu. Masu binciken gaskiya sun gano cewa juya hoton kawai aka yi, aikin da kowace waya ke yi cikin daƙiƙa ɗaya. Duk da haka sai da shugaban ƙasa ya tsaya a Poland a watan Disamba ya ce shi ne da kansa. A shekarar dai, binciken BBC ya nuna cewa wasu daga cikin hotuna da bidiyon da suka rura wutar rikicin Filato a watan Yuni ba na rikicin ba ne. Wani bidiyon ma a Kongo-Brazzaville aka ɗauke shi a 2012. Wannan ko gyara bai buƙata ba. Ƙaryar tana cikin rubutun da aka liƙa masa, wanda a mujalla aikin edita ne ya tantance. Mutane sun rasa rayukansu a kan hanya a kwanakin.

Akwai kuma batun ajiya, wanda ba a cika maganarsa ba. Dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa kowane mawallafi mai zaman kansa ya ajiye kwafi uku na abin da ya buga. Ko da ba kowa ke bi ba, abin da aka buga dubu biyu yana da damar wani kwafi ya tsira a akwatin wani malami, ko a Arewa House da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna. Masu nazarin tarihin Kannywood da tsofaffin kwafin Fim da Tauraruwa suke aiki. Hoton da aka ɗora a sitatus na WhatsApp kuwa awa 24 ne ransa. Masarautar da Ɗantunku ya kafa sama da shekara 200 da suka wuce ana ɗaukar ta hoto a yau fiye da kowane lokaci a tarihinta, amma mafi yawan hotunan suna zaune ne a wayoyin da ba sa wuce 'yan shekaru, da shafukan kamfanonin ƙetare da za su iya rufe asusun mutum ba tare da sun nemi izininsa ba.

Mai hoto a yau

Sana'ar ba ta mutu ba, ta sake kama. Hoton fasfo yana nan, saboda makarantu da bankuna da masu ɗaukar aiki suna nemansa, kuma ƙaramar firinta tana fitar da shi nan take. Biki da suna da kamfe suna kawo aiki. Sai dai abin da ake biya yanzu ya fi karkata ga gyara. Amarya tana son a haska mata fata, ɗan takara yana son a rage masa shekaru, ɗalibi yana son a sa shi a gaban ginin da bai taɓa shiga ba. Tsohon mai hoto da ya ƙware wajen auna haske da ido yana gogayya da yaron da ke aiki da waya a gindin bishiya, ba kuɗin haya, ba kuɗin man janareta. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, wannan bambanci ya ƙara faɗi.

Aikin da ya fi jan hankali shi ne farfaɗo da tsohon hoto. Iyali sukan kawo hoton mahaifi ko kaka da ya rasu, ɗan ƙarami, ya kode, damina ta taɓa gefensa. A ɗauke shi da waya, a sa a manhaja, cikin minti ɗaya fuska ta fito tar. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne manhajar ba tono abin da ya ɓace take yi ba. Hasashe take yi, daga dubban fuskokin da aka horar da ita da su. Takan gyara ido, ta daidaita haƙora, ta sauya siffar hanci kaɗan. Zanen gado da ke kumatun dattijo, wanda shi ke faɗin asalinsa, tana iya ɗaukar sa a matsayin karce a jikin takarda ta share shi.

Sabon hoton shi ake bugawa babba a sa a firem, shi ake turawa dangi a Kano da Damagaram, shi jikoki za su tashi suna gani. Na asalin yakan koma cikin tsohon albam a ƙasan akwati, inda gara ba ta da nisa.