Ƙungiyar da ta tsamo takardun Tumbuktu daga bakin wuta

A shekarar 1996 wasu gidajen malamai na birnin Tumbuktu, a arewacin Mali, suka haɗa kai suka kafa ƙungiyar da ake kira SAVAMA-DCI a taƙaice. Manufarta ita ce adana rubuce-rubucen hannu da suka gada kaka da kakanni, da fito da su fili don masu neman ilimi su amfana. Jagoranta Abdulƙadir Haidara ne, ɗan gidan malamai, wanda mahaifinsa Mamma Haidara ya rasu a 1981 ya bar masa tarin littattafai. A lokacin ba wanda ya ɗauki ƙungiyar da wani muhimmanci a wajen garin. Sai bayan shekara 16 duniya ta san amfaninta.

Littattafan Tumbuktu sun daɗe a ɓoye, kuma da dalili. A 1591 rundunar Sarkin Maroko ta karya daular Songai a yaƙin Tondibi. Ba a jima ba aka kame manyan malaman garin, aka tasa ƙeyarsu ta cikin hamada zuwa Marakish a 1594. Cikinsu har da Shehu Ahmad Baba, wanda ya ce an wawashe masa littattafai 1,600, kuma nasa ne mafi ƙaranci a cikin danginsa. Da Turawan Faransa suka kama garin wajen 1894, tsoron ya dawo sabo. Mutane suka zuba takardu a akwatuna suka tura ƙuryar ɗaki, wasu suka binne, wasu suka kai ƙauye. Wanda aka taɓa ƙwace wa kakansa littafi ba ya saurin buɗe akwati don wani ya zo da takarda daga ofis.

Wannan ƙin yarda shi ne babban cikas da cibiyar gwamnati mai sunan Ahmad Baba ta ci karo da shi bayan buɗe ta a 1973. Shugabanta Mahmud Zubair ya ɗauki Haidara aiki a 1984, ya tura shi yawon neman littattafai. Ya shafe shekaru yana bin ƙauyukan bakin kogi da zangunan Buzaye, a kwalekwale da raƙumi, yana lallashi, yana saye, wani lokaci ma ya biya da dabbobi. A nan ya gane cewa gidaje da yawa ba za su taɓa sayar da gadonsu ba, komai kuɗin. To, idan littafi ba zai bar gida ba, sai a kai masa gyara har gida. Kowane dangi ya riƙe kayansa da sunansa, ƙungiya ta nemo tallafi, ta koyar da gyaran takarda da haɗa kwalayen ajiya da rubuta jerin abin da ke cikin kowane ɗaki. Ɗakin karatu na Mamma Haidara ya buɗe a 2000 da taimakon gidauniyar Mellon ta Amurka, wasu gidajen kuma suka bi sahu.

Mai karatu Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan labari. Kakan Ahmad Baba, Alhaji Ahmad ɗan Umar Aƙit, ya sauka Kano ya karantar a hanyarsa ta dawowa daga Makka a ƙarshen ƙarni na 15. Makhlufu al-Balbali ya karantar a Kano da Katsina da Tumbuktu. A fatawarsa ta 1615 kan bauta, Mi'irajus Su'udi, Ahmad Baba ya lissafa Kano da Katsina da Barno cikin ƙasashen Musulmi waɗanda bai halatta a bautar da mutanensu ba. Littafin Tarikhus Sudan na Abdurrahman as-Sa'adi kuwa, wanda shi ne ginshiƙin tarihin Tumbuktu, a Gwandu Bajamushen nan Heinrich Barth ya same shi a 1853, ya kwafi abin da ya iya. Hanya ɗaya ce fatake da almajirai suka bi, takardun ma ita suka bi.

A farkon Afrilu 2012 'yan tawayen Abzinawa da mayaƙan Ansaruddin suka shiga Tumbuktu, jami'an gwamnati suka watse. Daga ƙarshen Yuni mayaƙan suka fara rushe hubbarorin waliyyai da diga da gatari, suka ɓalle wata tsohuwar ƙofa ta masallacin Sidi Yahaya. Masu littattafai ba su jira a zo kansu ba. An sayi akwatunan ƙarfe har suka ƙare a kasuwa, maƙera suka koma ƙera wasu da tsofaffin ganguna. Da dare ake cika su, a ɗora a amalanken jaki, a rarraba gidajen da aka amince da su. Daga baya aka fara fitar da su zuwa Bamako, tafiyar wajen kilomita 1,000, samari na rakiya, ana ratsa shingayen 'yan bindiga da na soja. Da yaƙi ya toshe hanyar mota a farkon 2013, sai aka koma jiragen ruwa a kan kogin Kwara. Kuɗin aikin ya fito daga waje, har da gidauniyar Yarima Claus ta Holan, amma masu ɗaukar kasadar 'yan gari ne. Kafin sojojin Faransa da Mali su shiga garin ranar 28 ga Janairu 2013, mayaƙan sun cinna wuta a sabon ginin cibiyar Ahmad Baba, wanda Afirka ta Kudu ta gina. Kimanin takardu 4,200 suka ƙone ko suka salwanta. Asara ce babba, amma mafi yawan dukiyar ta riga ta tsira.

Abin da ya kamata a lura da shi shi ne, ba a ranar tashin hankali aka ƙulla wannan amana ba. Da ba a yi shekaru ana zama da juna, ana sanin wane gida ke da me, ana sanin wanda za a buga wa waya a Turai ya turo kuɗi ba tare da dogon bincike ba, da babu mai miƙa akwatin kakansa ga wani yaro ya tafi da shi kudu. Da ma Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Labarin ya yi daɗi, 'yan jarida suka ƙara masa gishiri, kuma a nan ya kamata a yi adalci. Ƙungiyar ta ce ta fitar da takardu sama da 350,000. Wasu masana, ciki har da masanin tarihi Bruce Hall, sun yi tababar yadda ake ƙirgar, sun kuma yi tambaya ko haɗarin da ke kan ɗakunan gidaje ya kai yadda aka zuzuta. Ɗakunan karatu na limaman manyan masallatai uku, Jingarai Ber da Sankore da Sidi Yahaya, ba su bar garin ba, an ɓoye su a can, kuma sun tsira. Haka nan abin da ake kira takarda ɗaya a ƙirga, sau da yawa warƙa ɗaya ce ko biyu. An kuma cika cewa ɗakunan cike suke da ilimin taurari da likitanci da lissafi. Akwai su, amma tsiraru ne. Mafi yawa Alƙur'anai ne da littattafan fiƙihu da nahawu da madahu, irin waɗanda duk wanda ya zauna a zauren malami ya sani, sai wasiƙun fatake, takardun bashi da na rabon gado, da ɗimbin fa'idoji da hatimai.

Ni a ganina wannan bai rage musu daraja ba. Ƙoƙarin nuna wa Bature cewa mu ma mun san taurari, shi ke sa a raina abin da ke hannu. Wasiƙar da ɗan kasuwar Gadamas ya aiko wa wakilinsa a Tumbuktu tana faɗin farashin gishiri da zinariya da tufafi, tana faɗin wa ya amince wa wa da bashi. Takardar gado tana nuna abin da mace ta mallaka. Fatawa kan rigimar bawa da ubangijinsa tana tona abin da littattafan yabon sarakuna suka rufe. Ko fa'idar da aka rubuta don ciwon ciki ko neman haihuwa, tana gaya mana abin da ke hana talaka barci a zamaninsa. Tarihin gari a irin waɗannan yake kwance.

A Bamako kuma sabon maƙiyi ya bayyana, wato damshi. Takardar da ta yi ƙarnuka a busasshiyar iskar hamada ba ta jure laimar damina. Dole aka nemi ɗakuna masu na'urar tsane iska, aka yi ta haɗa kwalaye marasa sinadarin da ke cin takarda, kowane littafi da nasa. Daga 2013 ƙungiyar ta haɗa hannu da ɗakin adana rubuce-rubuce na Hill da ke jihar Minnesota ta Amurka, aka ɗauki hoton miliyoyin shafuka, ma'aikata 'yan Mali ne ke riƙe da kyamarorin. Wani abin sha'awa, wannan cibiya ta limaman Kirista ce 'yan ɗarikar Benedict, ga su suna hidimar littattafan Malikiyya. A Maris 2022 kamfanin Google ya buɗe dandalin Mali Magic mai ɗauke da shafuka sama da 40,000. Sai dai hoto ba karatu ba ne. Aikin da ya rage, na gane marubuci da zamani da abin da ke cikin kowace takarda, yana buƙatar wanda ya iya Larabci, ya saba da rubutun Magaribi, ya kuma ji Songai ko Fulatanci ko Tamashek don abin da aka rubuta da ajami. Irin waɗannan mutane kaɗan ne, kuma masu ba da tallafi sun fi son sayen kyamara a kan biyan albashinsu.

Gine-ginen ma 'yan gari ne suka tayar da su. Magina na gado, waɗanda ke jagorantar yaɓen masallacin Jingarai Ber, su suka sake gina hubbarori 14 da ƙasa da dutsen gargajiya, da tallafin UNESCO, aka kammala a 2015. A Satumba 2016 Kotun Duniya ta Manyan Laifuka ta ɗaure ɗaya daga cikin mayaƙan, Ahmad al-Faƙi al-Mahdi, shekara 9 saboda rushe su. Littattafan ne suka daɗe a gudun hijira. Sai a Agusta 2025 gwamnatin Mali ta fara mayar da na cibiyar Ahmad Baba, akwatuna sama da 200 a karon farko, alhali tsaron yankin bai gama daidaita ba.

Irin waɗannan akwatuna suna nan a gidajen malamai na Kano da Katsina da Zariya da Sakkwato da Agadas, gara na ci, rufi na yoyo, magada na raba littafi ɗaya gida uku. Akwai Gidan Arewa a Kaduna, akwai Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, akwai sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na jami'ar Yamai, amma hannunsu ba zai kai kowane zaure ba. Duk mai irin wannan gado ya nemi maƙwabtansa masu irinsa, su zauna, su rubuta abin da kowa ke da shi, su ɗaga akwatunan daga ƙasa kafin damina ta faɗi.