Smith, sunan da ya fito daga maƙera

A ƙasar Ingila akwai wani suna da ya fi kowane yawa, shi ne Smith. Ana samun sa a makaranta da kasuwa da gidan likita da barikin soja. Ba sunan yanka ba ne, sunan dangi ne. Turawan Ingila suna ba yaro sunansa na kansa, kamar John ko Mary, sannan su liƙa masa sunan gidansu a baya. Wannan suna na biyu ba ya sakewa. Kaka ya bar wa uba, uba ya bar wa ɗa. A ƙasar Hausa ba haka ake yi ba: yaro yana ɗaukar sunan ubansa, shi kuma ɗansa ya ɗauki nasa, sunan kaka ya faɗi a hanya.

Sunan yana da wuyar faɗi ga Bahaushe. Baƙaƙe biyu na ƙarshensa sauti guda ne, ana fitar da shi da kan harshe tsakanin haƙora. Babu wannan sauti a Hausa, babu shi a Faransanci. Amma ma'anarsa ba ta da wuya ko kaɗan. A harshen Ingilishi, Smith maƙeri ke nan. Kalmar tsohuwa ce ƙwarai, tun kafin shekara ta 1000 ana rubuta ta.

Da can mutanen Ingila suna guda ke gare su. In ƙauye yana da John uku, sai a bambanta su da laƙabi. Wani a kira shi da sunan ubansa, wani da wurin da gidansa yake, wani da tsawonsa ko launin gashinsa, wani kuma da sana'arsa. In mai laƙabi ya mutu, laƙabin ya bi shi kabari.

A 1066 wani sarki mai suna William ya ƙetaro teku daga Normandi, a arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi. Manyan mutanensa suka fara gadar da sunayen gidajensu, don a san mai ƙasa da magajinsa. Sannu a hankali talakawa suka bi. Abin da ya ƙara ɗaure sunayen shi ne rubutu. Mai karɓar haraji ba ya son ruɗani, yana son ya san wane John ne ya biya, wane ne bai biya ba. A 1377 an aza wa duk wanda ya kai shekara 14 harajin kwabo huɗu. Aka sake azawa, aka ƙara kuɗin, har talakawa suka yi tawaye a 1381. Shugaban tawayen sunansa Wat Tyler, kuma shi ma sunansa na sana'a ne, ma'anarsa mai rufin ɗaki da fale-falen yumɓu. Wajen 1400 yawancin gidajen Ingila sun sami sunan da ake gado. A 1538 aka umarci kowace majami'a ta riƙa rubuta sunayen jariran da aka yi wa baftisma, da waɗanda suka yi aure, da waɗanda aka binne. Daga nan suna ya zauna.

Sunayen sana'a suna da yawa. Baker mai gasa burodi ne. Miller mai niƙan hatsi ne. Shepherd makiyayin tumaki ne. Taylor maɗinki ne, kuma daga wannan kalma ce Hausa ta aro tela. To, me ya sa maƙeri ya fi su duka?

Ga dalili. A wancan zamani kusan kowa manomi ne. In aka ce John manomi, ba a faɗi kome ba, don maƙwabcinsa ma manomi ne. Amma maƙeri a ƙauye guda ne, ko biyu. In aka ce John maƙeri, kowa ya san gidan, kowa ya san ƙarar masaɓarsa. Ga shi kuma babu ƙauyen da zai zauna ba shi. Shi ke ƙera bakin garma da lauje da gatari. Shi ke yin ƙusa da wuƙa da sarƙa. Shi ke buga wa dawaki takalman ƙarfe a kofato, don ƙasarsu akwai duwatsu da laka. In yaƙi ya tashi, takobi da mashi da sulke duk daga hannunsa suke fitowa. Saboda haka a cikin gari shi kaɗai ne, amma a cikin ƙasa ɗungum ba ya ƙidayuwa. Ƙira kuma sana'ar gado ce. Yaro yana fara jan zugazugi tun yana ƙarami, ya girma ya gaji uwar maƙera da awartaki, ya gaji laƙabin tare da su.

Ke nan masu wannan suna ba dangi guda ba ne. Ba su da kaka guda. Dubban maƙera ne a dubban ƙauyuka, waɗanda ba su taɓa ganin juna ba, kowane ya bar wa jikokinsa kalma iri ɗaya.

Kamar yadda Hausawa suke raba maƙeran baƙi da maƙeran fari, haka mutanen Ingila suka rarraba nasu. Shi ya sa ake samun Goldsmith, maƙerin zinariya, da Arrowsmith, mai ƙera kan kibiya. Wasu gidaje kuma suna rubuta sunan Smyth ko Smythe, don da can kowane marubuci yana rubuta shi yadda ya ga dama.

Ba Ingila kaɗai ta girmama maƙeri haka ba. A Faransa ana cewa Lefèvre ko Fabre. A Jamus Schmidt, a Italiya Ferrari, a Polan Kowalski, a Rasha Kuznetsov. Larabawa suna da Haddad. Duk ma'anar guda ce.

Sunan ya hau jirgin ruwa ya bar Ingila. A 1607 wani soja, John Smith, yana cikin Turawan da suka kafa garin Jamestown a gaɓar Amurka. Bayansa dubbai suka bi. A can sunan ya ƙara yawa ta hanyoyin da ba su da alaƙa da ƙira. Jamusawa da yawa da suka yi ƙaura sun mai da Schmidt ya zama Smith, don su saje da mutanen wurin. Akwai kuma hanya mai ɗaci. Mutanen Afirka da aka sayar a matsayin bayi an raba su da sunayen iyayensu. Da aka hana bauta a 1865, kowa ya bukaci sunan da za a rubuta a takarda. Wasu suka riƙe sunan ubangijin da ya mallake su, wasu suka zaɓi wani da kansu. A ƙidayar jama'ar Amurka ta 2010 an sami mutum fiye da miliyan 2 da dubu 400 masu suna Smith. Shi ne na farko a ƙasar, kuma fiye da ɗaya cikin biyar na masu shi baƙar fata ne. A Ostareliya ma shi ke gaba.

A 1968 mutum biyu masu wannan suna sun cika bakin duniya. Na farko Ian Smith ne, shugaban gwamnatin Turawa ƴan tsiraru a Rodeshiya, wanda ya ƙi yarda baƙar fata masu rinjaye su mulki ƙasarsu. An sha yaƙi kafin ƙasar ta zama Zimbabwe a 1980. Na biyu Tommie Smith ne, baƙar fatar Amurka. A wasannin Olamfik na birnin Meziko ya ci tseren mita 200. Lokacin da ake kaɗa taken ƙasarsa, shi da abokinsa John Carlos suka sunkuyar da kai, kowane ya ɗaga dunƙulen hannu cikin baƙar safa, don nuna ƙin wariyar da ake yi wa mutanensu. Saboda haka aka kore su daga wasannin.

Babu maƙeri a cikinsu. Uban Ian Smith mahauci ne da ya zo daga Sikotland. Uban Tommie Smith manomin auduga ne a gonar wani.