Yunwar Damina da Maganinta

A ƙasar Hausa yawancin mutanen karkara manoma ne, kowane magidanci da 'yar gonarsa. Yakan shuka gero da dawa da wake, ya nome su da fartanya, shi da 'ya'yansa. Amma ga wani abin mamaki. Mutumin nan da ke ciyar da birni, sau da yawa shi ne yunwa kan fara kamawa. Kuma ba ta zuwa sai da damina, lokacin da gonaki suka yi kore shar. Ko kun san dalili?

Dalilin fari shi ne, ruwan sama wata uku ko huɗu kaɗai yake yi a arewa. Abin da manomi ya samu da kaka, shi zai ci har wata kakar. Idan ya girbe gero wajen watan Satumba, ya yanke dawa wajen Nuwamba, sai ya ɗaure damuna ya zuba a rumbu. To, amma ba ciki kaɗai ke cin hatsin nan ba. Akwai biki da suna da magani da tufafi da biyan bashi. Saboda haka sai ya kai hatsi kasuwa da kaka, lokacin da yake da araha ƙwarai. Abin da ya rage kuwa, gara da ɓera da ƙwari su ɗauki rabonsu.

Kafin marka ta kama, watau wajen Yuli da Agusta, rumbu ya yi ƙasa, ga shi sabon gero bai nuna ba. A lokacin nan mudu kan yi tsada, har manomi ya sayi hatsi da kuɗin da ya fi wanda ya sayar. Iyali su koma cin tuwo sau ɗaya a yini, mata su riƙa haɗawa da tafasa da rama da zogale. Maigida ya tafi ƙwadago gonar wani domin ya samo na cefane, tasa gonar kuwa ciyawa ta cinye ta. Kun ga ke nan amfanin baɗi ma ya ragu tun bai zo ba. Gaskiyar Hausawa da suka ce da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Wannan a shekarar lafiya ke nan. Idan aka yi fari ko fara ta sauka, abin yakan zama babbar yunwa. An yi irinta a 1914, wadda mutanen Kano suka sa wa suna Kakalaba. An kuma yi a 1973 da 1984, sa'ad da dabbobi suka mutu ba iyaka. A 2005 ma ƙasar Nijar ta sha wuya, bayan fari da fara sun ɓata amfanin 2004.

Amma manoma ba su zauna sun naɗe hannu ba. Tun kakanni an san amfanin haɗa shuka. Gero yakan nuna da wuri ya kori yunwa, dawa ta biyo baya. Wake kuwa yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, harawarsa ta ciyar da dabbobi, dabbobin su ba da taki.

Dabara ta biyu ita ce barin itatuwa a gona, musamman gawo. Gawo itace ne mai halin kansa. Yakan zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen kuma ya ruɓe ya zama taki. Tun daga wajen 1984 manoman Maraɗi da Damagaram suka kama wata hanya da ake kira sassaben zamani. Idan kututture ya toho, ba a sare shi duka. Sai a zaɓi tsiro mai ƙarfi a bar shi, a aske sauran. Masana sun ƙiyasta cewa ta haka aka rayar da itatuwa kamar miliyan 200 a Nijar.

A ƙasar Illela ta jihar Tawa kuwa, manoma kan haƙa ƙananan ramuka a kan faƙo da rani, su zuba taki a ciki. Ana kiransu tassa. Idan ruwa ya sauka sai ya tsaya a ramin maimakon ya gudu, gero ya tsiro a wurin da dā ko ciyawa ba ta fita.

Sauran aiki shi ne ajiya. Akwai buhu mai riɓi uku, leda biyu a ciki, buhun saƙa a waje. Idan aka zuba busasshen wake aka ɗaure kowane baki tam, ƙwarin ciki sukan rasa iska su mutu, ba tare da an sa magani ba. A waɗansu ƙauyuka kuma akan yi rumbun gayya, a sayi hatsi da kaka a ajiye, a sayar wa mutanen gari da sauƙi idan marka ta zo.

To, yara, idan kaka ta yi, ku ƙidaya damunan da aka shigar rumbunku. Sa'an nan ku tambayi iyayenku kwana nawa dami ɗaya ke yi wa gidanku. Ku yi lissafi, ku ga ko zai kai ku sabon gero.