Buɗaɗɗen fayil ko rufaffe: Yadda makarantun harhaɗa magunguna na Amurka ke ganawa da masu neman gurbi

Ɗalibin da ke neman gurbin karatun harhaɗa magunguna a Amurka ba ya samun shiga da takardu kaɗai. Bayan ya miƙa sakamakonsa, sai an gayyace shi ganawa, ido da ido ko ta intanet, domin malamai su yi masa tambayoyi su ba shi maki. Ganawar iri biyu ce: ta buɗaɗɗen fayil da ta rufaffen fayil. Bambancinsu shi ne abin da mai tambayar ya karanta game da ɗalibin kafin su zauna, kuma wannan bambanci kan sauya irin tambayoyin da za a yi da irin shirin da ya kamata ɗalibi ya yi.

A Amurka, digirin PharmD ne ƙofar shiga wannan sana'a. Yawanci karatun shekara 4 ne, bayan ɗalibi ya yi aƙalla shekara 2 na darussan share fage a jami'a. Akasarin makarantu na karɓar takardu ta wani dandali guda mai suna PharmCAS, kuma hukumar ACPE da ke tantance makarantun ta sanya ganawa da masu neman gurbi cikin sharuɗɗanta. Tun da aka daina jarrabawar shiga ta PCAT a watan Janairun 2024, ma'aunan da suka rage su ne makin darussa, da maƙalar da ɗalibi ya rubuta kan dalilinsa na son sana'ar, da wasiƙun shaida, da bayanin ayyukan da ya taɓa yi, sai kuma ganawar. Waɗannan takardu su ake kira fayil.

Ganawar buɗaɗɗen fayil

A wannan tsari, mai tambaya ya riga ya karanta fayil ɗin. Ya san darasin da ɗalibi ya faɗi ya sake, ya san asibitin da ya yi aikin sa-kai, ya kuma san abin da malamansa suka rubuta a kansa. Don haka tambayoyinsa kan tafi kai tsaye: me ya sa makin ilimin sinadarai ya yi ƙasa a shekara ta biyu? Me aka koya a watannin da aka yi ana aiki a kantin magani?

Amfanin wannan a fili yake. Ba a ɓata lokaci wajen gabatarwa, sannan ɗalibin da ke da tabo a sakamakonsa na samun damar yin bayani. Wanda makinsa ya faɗi a zangon da ya yi jinya, ko ya rasa mahaifi, ko yake aikin dare don biyan kuɗin makaranta, zai iya faɗa da bakinsa. Takardar sakamako ba ta ɗauke da irin wannan bayani.

Haɗarinsa kuwa yana zuciyar mai tambaya. Tun a 1920 masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, Edward Thorndike, ya nuna cewa idan mutum ya ga wata siffa mai kyau a tare da wani, yakan ɗauka sauran siffofinsa ma haka suke. Malamin da ya ga maki mai yawa kafin ɗalibi ya shigo, zai iya jin amsa mai rauni ya ɗauke ta da daraja. Idan kuma makin kaɗan ne, amsa mai kyau na iya wuce shi bai lura ba. Idan haka ta faru, makin ganawa ya zama maimaicin makin aji, wato an ƙirga abu ɗaya sau biyu.

Ganawar rufaffen fayil

A nan mai tambaya bai ga komai ba, ko kuma sunan ɗalibi kawai aka ba shi. Yawanci yakan buɗe da neman ɗalibi ya gabatar da kansa, sannan ya tambaye shi dalilin zaɓen wannan fanni, da yadda ya taɓa warware saɓani da abokin aiki, da abin da zai yi idan ya ga kuskure a takardar magani. Manufar ita ce a samu hukunci mai zaman kansa kan yadda mutum ke magana, da sauraro, da tunani, ba tare da maki ya yi tasiri ba.

Shi ma yana da nasa rauni. Duk abin da ɗalibi bai faɗa ba, mai tambaya ba zai san da shi ba. Wanda ya shekara 3 yana aiki a sashen magani na asibiti amma kunya ta hana shi ambata, zai fita kamar wanda bai taɓa shiga asibiti ba. Mai zaƙin baki kuma na iya burge wanda ba shi da takardar da zai auna maganarsa da ita.

Kuskure ne ɗalibi ya zaci rufaffen fayil na ɓoye sakamakonsa. Mai tambaya ne kaɗai bai gani ba. Kwamitin ɗaukar ɗalibai na haɗa makin ganawa da sauran takardu kafin ya yanke hukunci, kuma duk inda magana ta saɓa wa takarda, a nan ake ganewa.

Tsaka-tsaki

Wasu makarantu na raba fayil biyu: su ba mai tambaya maƙala da jerin ayyuka, su riƙe maki. Wasu kuma sun rungumi tsarin gajerun ganawa da dama, wanda Jami'ar McMaster ta Kanada ta ƙirƙiro wa sashen likitanci a farkon shekarun 2000. A tsarin, ɗalibi kan zagaya ɗakuna da dama, ya yi 'yan mintoci a kowanne, gaban mai tambaya daban da matsala daban. Yawanci masu tambayar ba su ga fayil ba, kuma da yake suna da yawa, ra'ayin mutum ɗaya ba ya rinjayar sakamako.

Abin da ya shafi ɗaliban Najeriya

A Najeriya, shiga sashen harhaɗa magunguna ya fi dogara da makin jarrabawar JAMB da tantancewar da jami'a ke yi bayanta, don haka ɗalibin da ya nemi gurbi a Amurka zai iya tarar da tsarin da bai saba da shi ba. Abu na farko shi ne ya bincika shafin makarantar ko ya tambayi ofishin ɗaukar ɗalibai irin ganawar da suke yi.

Idan buɗaɗɗen fayil ne, ya sake karanta duk abin da ya rubuta, domin ana iya tambayarsa kan kowane layi. Ya shirya gajeren bayani na gaskiya kan raunin sakamakonsa, tare da abin da ya gyara daga baya, ba tare da ɗora wa malamai laifi ba.

Idan rufaffe ne, nauyin labarin na wuyansa. Ya zaɓi abubuwa biyu ko uku da yake son a san shi da su, kowanne da misali. Wannan na iya yi wa ɗan da aka tarbiyyantar a kan cewa yabon kai jahilci ne nauyi, haka ma kallon babba cikin ido. Amma faɗin aikin da mutum ya yi, da inda ya yi shi, da abin da ya koya, bayani ne ake nema, kuma masu tambayar na iya fassara sunkuyar da kai a matsayin rashin tabbas.

Dalilin da ya sa makarantu ke ba wannan mataki muhimmanci yana cikin aikin kansa. Mai harhaɗa magani ne ke bayyana wa tsoho mai hawan jini yadda zai sha ƙwayoyinsa, shi ne kuma zai kira likita idan ya ga adadin da aka rubuta wa yaro ya yi yawa. Maki na nuna ya san maganin. Ganawar, kowace iri ce, tana neman gano ko zai iya yi wa majinyaci bayanin da zai fahimta.