Baƙin Man da Ya Dace da Tsohuwar Motar Gudu

A garin Abingdon na ƙasar Ingila aka riƙa ƙera MGB, ƙaramar mota mai kujera biyu da ake zuge rufinta, daga 1962 har zuwa 1980 da aka rufe masana'antar. An fitar da fiye da rabin miliyan, kuma har yau da yawa na yawo a titunan Turai da Amurka, a hannun masu sha'awar tsofaffin motocin gudu. Irin waɗannan mutane ba sa ƙyashin kashe wa motarsu kuɗi. Sai dai wani lokaci kuɗin ne ke kai su ga kuskure: mutum ya shiga kanti ya ɗauko baƙin mai mafi tsada, wanda aka haɗa domin motar bana, ya ɗura wa injin da ya haura shekara hamsin. A ganinsa gata ya yi wa injin, alhali kwanansa yake ragewa.

Maganar ta fara ne daga kauri. Lambobin da ke jikin galan, kamar 20W-50, ƙungiyar injiniyoyin mota ta Amurka, SAE, ce ta tsara su. Ta farko mai harafin W tana nuna yadda man ke gudana cikin sanyi, lokacin da aka tada inji da sassafe. Ta biyu kuma kaurinsa ne idan zafi ya kai digiri 100. Motocin yanzu suna shan mai tsinkakke, irin 0W-20 ko 5W-30, domin ƙarafan cikinsu a matse suke, kuma tsinkakken mai yana rage shan fetur. Tsohon inji kuwa tun daga masana'anta da 'yar rata tsakanin ƙarafansa, shekaru kuma sun ƙara buɗa ta. Idan aka zuba masa tsinkakke sai ya zurare, allurar mai ta sauka da zarar inji ya ɗau zafi cikin cunkoso, salansa ta fara fitar da shuɗin hayaƙi. Shi ya sa 20W-50 ya zama abincin MGB da 'yan uwanta irin Triumph TR6.

Amma babbar ɓarnar ba ta nuna kanta da wuri. A cikin waɗannan injuna akwai sandar kamshaf mai tozaye, kowane tozo yana gogar tafet mai shafaffen gindi domin buɗe bawul. Da wuya a sami wurin da ƙarfe ke danne ƙarfe a cikin inji kamar wannan mahaɗa, har man da ke tsakani yakan matse ya fice. Abin da ke ceton su shi ne wani sinadari mai suna ZDDP, haɗin tutiya da fosfaras, wanda ake sakawa a baƙin mai tun shekarun 1940. Idan zafi da danniya suka yi yawa, sai ya shimfiɗa wata siririyar fata a kan ƙarfen, ita ce ke cinyewa a madadinsa.

To me ya sa aka rage shi? Daga 1975 motocin Amurka suka fara zuwa da katalis, na'urar tace hayaƙi da kanikawanmu ke kira indomi, fosfaras kuwa kashe ta yake yi a hankali. Sai aka yi ta rage shi mataki-mataki, har a 2004 ƙa'idar ingancin baƙin mai ta API SM ta tsaida iyakarsa a kashi 800 cikin miliyan ga tsinkakkun mayuka irin 5W-30 da 10W-30. Sabbin injuna da yawa ba su damu ba, domin tafet ɗinsu yana da 'yar taya mai mirginawa. Tsohon inji ne ke ji a jikinsa: tozon kamshaf ya lashe sannu a hankali, ƙarfi ya ragu, ƙara ta fito, garin ƙarfe ya bi mai ya shiga ko'ina. Kafin mai mota ya farga, sai sauke inji.

Masu harkar tsofaffin motoci sukan nemi man da tutiyarsa ta kai kashi 1,000 zuwa 1,400 cikin miliyan. Waccan iyaka ta 800 ba ta hau kan 20W-50 ba, amma wannan ba ya nufin kowane 20W-50 yana da isasshe. Sai an duba takardar bayanin da kamfanin ya fitar. Ni dai ban goyi bayan sayen kwalbar ZDDP daban ana tuttula wa mai ba. Masana sun auna haɗin man da ma'auni, kuma idan sinadarin ya yi yawa shi ma cin ƙarfe yake yi.

Kamfanoni sun gane akwai kasuwa a nan. A 2014 Porsche ta fitar da mai na musamman ga tsofaffin motocinta masu sanyaya inji da iska: 20W-50 ga 356 da 914 da 911 mai inji har lita 2.7, sai 10W-60 ga masu lita 3.0 zuwa sama. A irin wannan inji da ba shi da lagireto, baƙin mai ne ke kwashe kaso mai yawa na zafin, don haka wasu 911 ke ɗaukar sama da lita goma.

Wannan duk ya shafe mu. Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, da Volkswagen Beetle, tafet ɗinsu irin na MGB ne, ga zafin bazara, ga ƙurar hunturu. Mai irin wannan mota ya riƙe 20W-50 na kamfanin da aka sani, a galan mai hatimi, ya guji man da ake aunawa a kwalba a bakin titi, wanda ba wanda ya san asalinsa. Ko da motar a ajiye take ba a cika hawa ba, ya juye mai ya canza filta aƙalla sau ɗaya a shekara, domin danshi da fetur ɗin da ke zurarowa daga kafireta suna lalata mai ko mota ba ta motsa sosai ba.