Shirin Musamman: Farfelar Gaba, A Cire Ko A Gyara?

 Yau gareji muka nufa, za mu leƙa ƙarƙashin motar ɗaukar kaya, irin wadda tayoyinta huɗu ke ja a kowane lokaci.

Mu ɗauki Chevrolet Express ta Amurka, samfurin mai jan taya huɗu da aka ƙera daga 2003 zuwa 2014, da 'yar'uwarta GMC Savana. A bayan giyarta akwai akwati mai raba ƙarfin inji: kashi 35 cikin ɗari gaba, 65 baya. Sandar ƙarfen da ke kai wa tayoyin gaba rabonsu ita ce farfelar gaba. Ranar da kuros ɗinta, wato mahaɗin da ke bakinta, ya cinye, mota ta kama karkarwa da ƙara, sai ka ji bakanike ya ce, "Alhaji, a cire ta kawai, har mai za ta rage sha."

Cirewar ba wuya. A ajiye mota a shimfiɗaɗɗen wuri, a ja burkin hannu, a tokare tayoyi gaba da baya. Kada kowa ya shiga ƙarƙashinta alhali jak kaɗai ke riƙe da ita. A sa alama da fenti inda farfela ta haɗu da aksul, domin ta koma yadda take, sannan a kwance notuna, a naɗe kofunan kuros da salatif kada ƙananan alluran ciki su zube.

To, masu sauraro, a nan gizo ke saƙa. A cikin akwatin nan akwai siraran farantan ƙarfe jere cikin wani mai mai kauri na silikon. Aikinsu su riƙe gaba da baya idan ɓangare ɗaya ya fara sulɓi a laka ko yashi, na ɗan lokaci. Da zarar an cire farfela, ɓangaren gaba ya zama wofi, ƙarfin inji zai riƙa zurarewa can, sai ya zamana farantan nan ne kaɗai ke tura mota da lodinta. Man ya yi zafi, ya ƙone, akwatin ya lalace. An guji kuɗin kuros, an sayi kuɗin akwati.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne giyar fakin. Ƙugiyarta tana cikin giya, kafin akwatin rabo. Idan babu farfelar gaba, tayoyin baya na iya juyawa sannu a hankali ko da giya na kan P. Direba ya ajiye mota a gangare ya shiga kasuwa, ita kuwa tana silalewa, ga yara na wasa a bayanta.

Man da ake cewa za a rage kuwa, bai taka kara ya karya ba, tunda aksul ɗin gaba yana nan da nauyinsa, tayoyi na juya shi.

Kada a haɗa wannan da Hilux mai sandar zaɓi, wadda direba ke sa ta jan taya biyu ko huɗu. Ita, in tana kan biyu, cire farfelar gaba ba ya cutar da akwatinta.

Idan farfela ta karye a hanya, dole ta sa aka cire, a sauke kaya, a lallaɓa zuwa gareji mafi kusa, burkin hannu a duk tsayawa. In an mayar da ita, a duba tayoyin: huɗun su zama girma ɗaya, cinyewa ɗaya, domin taya mai bambanci ma tana ƙona farantan nan.